Hutun kwana 9 kacal: Legas zuwa Daura a mota da iyali, har da Yankari, anya zai yiwu?

Baban_Ilham:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka saba bin doguwar hanya da iyali.

Ni ɗan Daura ne amma aiki ya ajiye ni a Legas yau shekara 11 kenan, muna zaune wajen Agege. Yarana huɗu, babbar shekararta 12, sai maza biyu mai 9 da mai 6, sai auta da ko shekara biyu bata cika ba. Rabon da in kwashe su gaba ɗaya zuwa gida tun kafin korona. Ni dai nakan faki ido in hau jirgi zuwa Kano in ƙarasa Daura in ga Hajiya kwana biyu in juyo, amma mu shida a jirgi zuwa da dawowa a watan Disamba, wlh ban ƙarasa lissafin ba na kife wayar.

Abin da ya tsaya min a rai, ran nan Hajiya ta kira ta ce a ba ta mai sunan Malam, yaron nan ya karɓi waya yana zuba mata Turanci yana haɗawa da Yarabanci, ita kuma tana ta me ya ce, me ya ce. Da na karɓi wayar sai ta ce min kai yanzu sai ranar zaman makokina za ka kawo min su? Autar ma a hoto kawai ta san ta. Tun ranar ban samu sukuni ba.

To matsalar ita ce hutu. Da ƙyar da siɗin goshi oga ya sa min hannu a kwana 5 na aiki, in na haɗa da Asabar da Lahadi na gaba da na baya ya zama kwana 9, ranar Litinin ƙarfe takwas dole ina ofis saboda rufe lissafin ƙarshen shekara, ba maganar ƙarin ko yini ɗaya.

Ga yadda na tsara. Asabar mu tashi Legas mu kwana Abuja wajen ƙanina a Kubwa. Lahadi Zariya gidan surukai, don uwargida 'yar Tudun Wada ce. Litinin Kano, in hau da yara Dala su ga Gidan Makama da karofin Ƙofar Mata. Talata da Laraba Daura. Alhamis mu kama hanyar Bauchi, Juma'a Yankari don na riga na yi wa yaran alkawarin ganin giwa, Asabar mu biyo ta Jos mu kwana Abuja, Lahadi sai Legas. Motar Sienna ce 2008, lafiyarta ƙalau, ni kaɗai ne direba domin madam iyakacinta kai yara makaranta da kasuwa.

Anya wannan tsarin zai ɗauku? Kuma wace hanya ta fi, ta Ilori da Jebba ko ta Lokoja? Me zan duba a mota kafin mu tashi? Nagode.

Tsohon_Direba:

Wa alaikumussalam ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tuna da mahaifiya. Amma gaskiya ɗaya ce, wannan abin da ka rubuto ba hutu ba ne, horo ne, kai da matarka da yaran da ita kanta motar.

Na yi sama da shekara 20 ina jan bas tsakanin Kano da Ikko kafin gwiwa ta ajiye ni, bari in yi maka lissafi irin namu. Legas zuwa Abuja kilomita 750 ne ko kusa da haka. Abuja zuwa Kano ka sa 400 da ɗoriya, Kano zuwa Daura ta Kazaure ɗari da talatin da wani abu, ka dawo Kano ka ɗauki Bauchi ta Birnin Kudu da Ningi wajen 300, shiga Yankari da fita sama da 200, Bauchi Jos Abuja wajen 400, sannan ka sake haɗiye 750 ɗin nan na komawa. Ka haɗa da kanka, ka haura kilomita 3,000. Waya za ta ce maka awa kaza ne, ƙarya take, ita bata san shingen 'yan sanda ba, bata san tirela ta faɗi ta tare hanya ba, bata san yaro ya ce zai yi kashi ba. Mu a hanyar nan in ka raba tafiyar yini duka da tsaye-tsayenta, kilomita 60 a awa ka yi ƙoƙari. Kenan awa 50 da wani abu kana riƙe da sitiyari. Cikin kwana 9. To yaushe za ka zauna gaban Hajiyar?

Ka cire Yankari da Jos, ka cire su yau ɗin nan kafin yaran su ƙara sa rai. Taura biyu bata taunuwa.

Maganar hanya kuma. A zamaninmu ta Ilori muke bi, Ibadan, Oyo, Ogbomosho, Ilori, ka haye gadar Jebba, Mokwa, Tegina, Birnin Gwari ka faɗo Kaduna, ita ce gajera in Kano ka nufa. Amma yanzu ko maƙiyina ba zan ce ya bi Tegina zuwa Birnin Gwari da mata da yara ba, kowa ya san abin da dajin nan ya zama. In ka karya daga Mokwa ta Bida ka fito Suleja kuwa, tankoki da tireloli da ramuka sai sun sa ka tsani tuƙi. Ka bi ta Lokoja. Ibadan, Ife, Akure, Owo, Okene, Lokoja. Ita ma ba aljanna ba ce amma motoci ba sa yankewa kuma gari na bin gari.

Kuma kada ka ce sai ka kwana Abuja ranar farko. Ka kwana Lokoja. Wajen kilomita 550 ne daga Legas, ya ishi mutum ɗaya a yini. 200 ɗin da suka rage su ne suke cin mutane, saboda lokacin ido ya gaji, rana ta faɗi, ga manyan motocin siminti sun fito, ga na Disamba kowa na gudu zai tafi ƙauyensu. Ka yi sallar Asuba ka tada mota, ka wuce Berger da doguwar gadar nan kafin gari ya waye sosai, in ka bari bakwai ta yi maka a cikin Legas ka yi asarar awa biyu tun baka fara ba. Dajin da ke tsakanin Owo da Okene ka ratsa shi da rana tsaka, ka bi ayarin motoci kada ka ware kai kaɗai, kowa ya ɗaga maka hannu a daji ba ruwanka. Dokata ɗaya ce tun ina yaron mota: Magariba ta same ka ka riga ka kashe inji. Washegari ka haye gadar Murtala ta Jamata, Koton Karfe, Abaji, Gwagwalada, Zuba, ba sai ka shiga cikin Abuja ba, ƙanin naka ya fito Zuba ku gaisa a bakin titi yara su kalli dutsen Zuma ku wuce. Tsakanin Abuja da Kaduna ne aikin hanya ya daɗe tun 2018, inda aka mayar da motoci hannu ɗaya ka yi haƙuri ka bi layi kada ka ce za ka yi obatekin. Daga Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano kuwa titi ya yi kyau, kuma nan ne haɗarin, don santsinsa ke sa ƙafa ta nutse a totur ba ka sani ba.

Daren da za ka tashi ka leƙa tashar Agege ka tambayi direbobin da suka sauka ranar, su ne ke da labarin hanya na yau, ba ni da na ajiye makulli ba.

Mota kuma kada ka kai ta gareji ana jibi tafiya. Ka kai ta da sati biyu, a yi juye, a duba birki da lagireto da fambel da shokozoba, sannan ka yi ta yawo da ita cikin gari, in makanike ya manta bai ɗaure wani abu ba ya nuna kansa a Ikeja ba a dajin Okene ba. Safaya taya ka sauke ta ka gani da idonka, ta Sienna a ƙarƙashi take, wasu shekara uku ba su taɓa ta ba sai ranar buƙata a tarar ba iska ko ƙarfen ya ci tsatsa ya ƙi saukowa. Takardu su cika, da abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku, don 'yan Road Safety ba sa wasa a Disamba. Tanki ya sauka rabi ka cika, kada ka jira ja.

Maman_Yan_Biyu:

Baba direba ya gama magana ta ɓangaren titi, ni bari in yi ta ɓangaren kujerar baya tunda ku maza in kuna tsara tafiya taswira kawai kuke kallo.

Baban Ilham dan Allah ka nuna wa maman Ilham wannan tsarin kafin ka kawo shi nan? Don ina karantawa ina dariya ina tausayinta. Kwana ɗaya a Zariya?? Mace rabonta da gidansu shekara da shekaru, ku iso da La'asar a gajiye ku tashi da safe, ko yayyenta ba za su gama zuwa ganinta ba, wlh in ni ce ba zan yi magana ba amma za ka gani a fuskata har Legas.

Mu mun yi irinta bara waccan daga Fatakwal zuwa Katsina, yara uku har da 'yan biyu suna shekara uku lokacin. Abin da ba wanda ya faɗa min shi ne yaro ƙarami ba ya zama awa uku a mota, ko ka tsaya don Allah ko ka tsaya dole. Ɗaya ta fara amai tun kafin mu yi nisa, a jikina, a kan atamfar da na ce da ita zan sauka gidan surukai, kuma kayan canjin duk suna can ƙasan but an danne su da buhun garin kwaki da jarkar manja. A gefen titi muka sauke kaya kaf muna neman jaka ɗaya maigidan yana ta huci yana duba agogo. Tun daga ranar na koyi hankali, jaka ɗaya daban a ƙafata: kayan canji kala biyu na kowane yaro, famfas, leda da yawa, tawul, zani ɗaya na shimfiɗa, buta da galan na ruwa, fo na ƙaramar. Kada a cika musu ciki da shayi mai madara da asuba, burodi da ruwa ya isa sai rana ta ɗaga. Abinci ku dafa naku ku zuba a kula, dambun nama, soyayyar kaza, dafaffen ƙwai, cincin, don abincin hanya in ya ɓata cikin yaro ɗaya tafiyar ta tashi daga aiki. Ku riƙe tsabar kuɗi kuma, akwai inda sabis zai ɗauke tiransifa ta ƙi tafiya kana tsaye a gidan mai.

Sai sanyi. Yaran Legas basu san hunturu ba. Daura a ƙarshen Disamba da asuba ruwan randa kamar ƙanƙara, kwana biyu leɓe ya fashe ƙafa ta yi kaushi hanci ya toshe. Rigunan sanyi da safa da hula, man kaɗanya ko basilin, da maganin mura na yara, ku taho da su daga can.

Amma babban abin da nake so in faɗa ba wannan ba ne. Kai kana ganin kwana biyu a Daura na Hajiya ne, ba nata ba ne. Shekara nawa ba ka zo da iyali ba, duk wanda ya rasu a dangi da unguwa cikin shekarun nan sai kun je gaisuwa, duk wadda ta haihu sai an je barka, ga gwaggo ga inna ga kawu wanda in aka fara zuwa gidan wane kafin nasa an yi laifi, kowane gida a kawo fura a ce sai kun sha. Mu kwana biyar muka yi a Katsina, na rantse surukata bata samu yini ɗaya cikakke da jikokinta ba, kullum muna cikin mota gida-gida, ranar da za mu tafi tana riƙe da hannun 'yan biyu tana cewa ko sabawa ba su yi da ni ba. Har yau abin na damun maigidan.

Shawarata, kai ne mai kwana 9, yara ba su da kwana 9. Makaranta sai Janairu. Me zai hana ka kai su ka baro su, kai ka dawo bakin aikinka, su su yi sati biyu ko fi tsakanin Daura da Zariya? Hausar da kake kukan ba sa ji, a tsakar gida cikin 'yan uwansu za su tsince ta, ba a bayan Sienna ba.

Dan_Kwanar_Dangora:

Hhhh Baban Ilham wannan ai ba ziyara ba ce kamfen ne, jiha nawa za ka taka cikin kwana tara? Ko ɗan takarar shugaban ƙasa sai haka. Saura ka ƙara Maiduguri da Sakkwato a cike.

Matafiyi_KD:

Ni dai ban yarda da tsoratarwar nan ba gsky. Da girmamawa ga Baba, amma yanzu ba zamanin bas mai cin awa ashirin ba ne. Ni na sha tashi Legas biyar na asuba in yi Isha'i a Kaduna, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, a Corolla ma. Sienna kuwa ai jirgin ƙasa ce, ga esi ga fili yara su miƙe ƙafa. Mutanenmu mun fiya son zama wuri ɗaya, yaro ya girma a Najeriya bai san komai ba sai unguwarsu da gidan kakarsa, shi ya sa in an ce Jos ko Bauchi sai ya ɗauka wata duniya ce. Ni abin da nake tunawa da mahaifina Allah ya jiƙansa ba zaman gaishe-gaishe ba ne, ranar da ya tsaya da mu a Hawan Kibo muka leƙa ƙasa ne, da ruwan Assop da muka jiƙa kayanmu aka yi mana faɗa. Kuma alkawari ka yi wa yara, in ka saɓa sun riƙe. Ka rage Kano in ya so tunda kusa take da gida ko yaushe za a iya zuwa, amma ka bar Yankari. Man fetur ne kawai zan ce ka shirya masa, motar nan da kaya da esi ka yi lissafin kilomita 8 a lita, 3,000 ɗin nan kusan lita 400 kenan, ka buga da farashin yau ka ga in aljihu zai ɗauka.

Tsohon_Direba:

Matafiyi, kai kaɗai a Corolla da gorar ruwa da goro a baki daban, mutum da mace da yara huɗu daban. Kuma ka yi Isha'i a Kaduna, to Magariba a ina ta same ka? A hanyar Abuja zuwa Kaduna cikin duhu. Allah ya tsare ka, ba iyawarka ba ce. Ni na ɗauki gawar abokan aiki da suka fi ni iya tuƙi, kusan dukkansu a awa biyun ƙarshe na tafiya abin ya same su, gyangyaɗi na daƙiƙa ɗaya. Ka duba tsarinsa na ƙarshe ma, Asabar daga cikin Yankari har Abuja ta Hawan Kibon da kake yabo, inda tirela ke tsinke birki, Lahadi Abuja zuwa Legas, Litinin ofis. Ko taya ɗaya ta fashe lissafin ya rushe, ba kwana ko ɗaya na ko-ta-kwana.

Bauchi_Ikon_Allah:

Slm. A matsayina na ɗan Bauchi da zan so ku zo wlh, amma bari in faɗa maka yadda Yankari take don kada ka ɗauka gidan zu ne da za ka shiga ka ga giwa a keji ka fito.

Daga cikin Bauchi za ka kama hanyar Gombe, a Dindima ka karya dama, ka yi ta tafiya har ƙofar shiga ta Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai wajen kilomita 40 cikin daji kafin ka isa sansanin Wikki inda ɗakunan kwana suke. Duka-duka sama da kilomita 100 ne daga gari. Daji ne na gaske mai faɗin sama da murabba'in kilomita 2,000, dabbobin yawonsu suke, ana fita kallo da safe da kuma yamma a motarsu da ɗan rakiya. Birai da gadu kam tun a sansanin za su tarbe ku, biran nan ma ɓarayi ne na bugawa a jarida, ka bar gilashi a buɗe ko yaro ya riƙe leda a hannu sai dai ka ji ihu, a gabana wani ya fizge burodi guda daga hannun wata baiwar Allah ya haye rufin ɗaki ya zauna yana ci yana kallonta. Gwambaza da ɓauna da gwanki ana gani in an dace. Amma giwa sa'a ce, na je sau huɗu sau ɗaya na gan su. An fi dacewa can cikin rani sosai wajen Fabrairu zuwa Afrilu lokacin da ciyawa ta bushe ruwa ya janye dabbobi suna taruwa a bakin kogin Gaji. A Disamba ciyawa bata gama kwanciya ba. To ka yi tunani, ka jawo yara tun daga Daura awa shida ko bakwai, washegari ku shiga, fita ɗaya tak, giwa bata fito ba, me za ka ce musu?

Abin da ba ya saɓa alkawari shi ne ruwan Wikki, ɗuminsa digiri 31 dare da rana rani da damina, garau kana ganin yashin ƙasa, yara in suka shiga sai da rigima za su fito. Don shi kaɗai ma wurin ya cancanci kwana biyu, ba a yi masa shigar sauri. Ka bari sai hutun Ista ko wata shekarar ku zo takanas, ka fara kira ka tabbatar da ɗaki da labarin hanya, ku tsaya cikin gari ku ci masar Bauchi da miyar taushe ku san kun zo.

In giwar ce dole a wannan zuwan, ranar da kuka bi ta Kano ka kai su gidan zu na kan titin Zoo Road su ga abin da ya samu, alkawari ya ragu.

Abu_Hanifa_Zrx:

Ƙarin tunatarwa kaɗan Malam, tafiyarku ta wuce mil 48 nesa ba kusa ba, wato wajen kilomita 80, don haka kuna da sauƙin kasaru, Azahar da La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu, kuma kuna iya haɗa Azahar da La'asar a tsayawa ɗaya, wannan zai rage muku yawan tsaye-tsaye a wuraren da ba ku sani ba. In kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri sai ku koma cikawa. A yi addu'ar hawa abin hawa a koya wa yaran ma. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Baban_Ilham:

Kai jama'a nagode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Baba direba Allah ya ƙara girma, lissafin awa 50 ɗin nan shi ya kashe min jiki, ni kilomita nake ta kallo ban taɓa mayar da shi awa ba.

Hajiya Maman 'Yan Biyu kin kama ni dumu-dumu, ban nuna mata ba sai jiya da daddare. Ta karanta ta ajiye wayar ta ce wato kwana ɗaya ne darajar gidanmu, daga nan bata ƙara cewa komai ba har na gama kame-kame. Sai da na nuna mata amsarki sannan ta saki fuska, yanzu haka cewa take a gaishe ki.

Ga inda muka tsaya. Asabar Lokoja, Lahadi Zariya, mu kwana biyu a can, Talata da safe mu wuce Daura mu tsaya Kano yara su hau Dala in lokaci ya bari. Ni zan zauna Daura har Asabar, in sauko Kano in hau jirgi ni kaɗai ranar Lahadi, tikitin mutum ɗaya dai zan iya. Motar da iyali su zauna, su ƙara kwanaki wajen Hajiya ta kai su rijiyar Kusugu da kanta tunda tun yanzu ta fara ba Ilham labarin Bayajidda da macijin a waya, daga baya su dawo Zariya su yi sati, sai ƙanina na Kubwa ya ɗauko su zuwa Legas farkon Janairu kafin a koma makaranta, shi hutunsa ya fi nawa tsawo. Na kira Hajiya na faɗa mata, ta yi shiru sannan ta ce to bari ta sa a gyara ɗakin baya a nemo ƙarin barguna.

Matafiyi kada ka ji haushi, maganarka ta alkawari ta shige ni, na zaunar da mazan na ce musu giwa sai Ista in Allah ya kai mu. Babban ya gane, mai shekara 6 ɗin kuwa tun jiya ba ya min magana, ko sannu da zuwa yau bai yi min ba.

Abin da ya rage min yanzu ƙanin nan nawa, yana da hannu amma ƙafarsa na da nauyi a totur, irin su Matafiyi ne masu Isha'i a Kaduna. Baba ko akwai yadda ake yi da irinsu?

Tsohon_Direba:

Akwai. Ka sa Hajiya ta faɗa masa da bakinta cewa Lokoja zai kwana, kai in ka faɗa zai ce to yaya ya yi abin da ya ga dama. Kuma ka ba matarka kuɗin otal ɗin a hannunta ba a nasa ba.

Sannan ka hana a cika motar da tsaraba a dawowa, na san mutanen Daura, buhun gero da wake da kuka da daddawa har zabbi masu rai sai sun ce a saka, bayan Sienna ya zauna ƙasa shokozoba ta mutu kafin Okene. Abin da ya fi ƙarfin but a ba motar haya ta kawo Agege.

Ka fita yanzu ka duba gefen tayoyinka, akwai lamba huɗu a jere cikin ɗan zagaye, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekarar da aka yi tayar. Ka rubuto min na duka biyar ɗin har da safaya.